Karnukan Ɗakin Kawu

A shekarar da na kammala bautar ƙasa na dawo Katsina, ban sami aiki ba, kuma saboda rashin aikin ne jinyar Kawu ta faɗo a kaina. Haka ake rabon irin wannan hidima a zuriyarmu, ba tare da an zauna an tattauna ba: wanda ba ya fita nema da safe, shi ne mai zama da marar lafiya. Don haka kowace safiya nakan bar gidanmu da ke Kambarawa, in hau kurkura, babur mai ƙafa uku, zuwa Ƙofar 'Yandaka, in sauka in ƙarasa da ƙafa ta cikin lungunan da abin hawa ba ya shiga, har tsohon gidan da aka haifi mahaifiyata.

Kawu yayan mahaifiyata ne, ciki ɗaya. Mai fenti ne irin na da, waɗanda ke rubuta allunan shaguna da hannu, su zana zaki ko mikiya a bayan manyan motoci. Ya daɗe da shago a wajen Ƙofar Kaura, har zuwa lokacin da injinan buga alluna suka shigo gari, mai shayi ma ya gwammace a buga masa sunansa a jikin leda mai sheƙi cikin wuni guda. Shagon bai mutu farat ɗaya ba. Ramewa ya yi ta yi, har ranar da Kawu ya kwashe gwangwanayen fentinsa a baro, ya mayar wa mai gida makullinsa. Allunan shaguna da motoci su ne suka ciyar da iyalinsa, amma abin da yake kira aikinsa, idan ya saki jiki yana magana, shi ne karnuka.

Yadda abin ya samo asali na ji shi daga bakinsa sau da yawa, kuma bai taɓa sauya zance ba. Yana saurayi aka ɗauke shi shafa farar ƙasa a wani asibitin dabbobi. A bangon ɗakin likita ya tarar da wasu tsofaffin takardu masu kauri, an manna su tun zamanin wani likita Bature da ya daɗe da komawa ƙasarsu. Kowace takarda tana ɗauke da zanen kare guda, an fitar da shi da alƙalami sannan aka bi shi da launi. Aka ce ya ɓamɓare su ya zubar kafin ya fara shafe. Ya ɓamɓare su a hankali da bakin wuƙa, ya cusa su cikin riga ya tafi da su gida.

Na ga takardun da idona, sun yi ruwan ƙasa saboda tsufa, gefunansu sun cinye. Karnukan ƙasashen sanyi ne, irin waɗanda ba mu taɓa gani suna tafiya a ƙasa ba. Akwai wanda kunnuwansa suke jan ƙasa, akwai wanda gashi ya rufe masa ido har ba a sanin gabansa daga bayansa, akwai wani dogo mai gajerun ƙafafu kamar an yi wa matashin kai ƙafa, da wani mai murtukakkiyar fuska kamar ya yi karo da bango yana gudu. A kusurwar kowace takarda akwai 'yan haruffa ƙanana, alamar hannun wanda ya zana. Kawu bai san sunayen mutanen nan ba, bai san ƙasarsu ba, bai ma san ko maza ne ko mata ba. Duk da haka "malamaina" yake kiransu, kuma yana rarrabe hannunsu kamar yadda mutum ke rarrabe muryar maƙwabtansa ta bayan katanga.

"Wanga mutum tsoron kare yake," ya taɓa ce mani yana ɗora yatsa a kan wata takarda. "Dubi inda ya tsaya. Daga bayan taga ya zana shi. Amma ka ga wanga? Wanga ya taɓa kwana ɗaki ɗaya da kare, Allah shi yahe mashi. Dubi yadda ya san inda fatar wuya ke naɗewa."

Abin da ya tsaya masa a rai tun a wancan lokaci shi ne, duk cikin takardun babu karen ƙasarmu ko ɗaya. Babu siririn karen Buzaye mai doguwar ƙafa, wanda cikinsa ya manne da bayansa. Babu jan karen mafarauta mai yankakken kunne, balle karen makiyaya mai faffaɗan ƙirji da ke bin garke. Wani a bayan teku ya zauna ya ba fuskar kare kwanakinsa, namu kuwa ba wanda ya taɓa yi musu kallo na biyu sai da dutse a hannu. Sai Kawu ya shiga bin mafarautan bakin gari da na ƙauyukan kewaye, yana roƙonsu su bar shi ya zana karnukansu a kan allunan katako da suka rage masa daga aikin shaguna.

Yana da hanyarsa ta aiki, wadda ban taɓa jin wani ya bi ba. Ba ya zana kare a kwance, ba ya kuma zana shi ubangidansa na riƙe da shi. Sai ya sa a ɗaure karen a gindin bishiya, ya ce wa mai shi ya tafi ya ɓuya a bayan wata katanga ta hannun dama, kada ya yi tari, kada ya yi fito. A ɗan lokacin nan da kare ke miƙewa, ya ɗaga wuya, ya kafe kunne, yana neman inda mutuminsa ya shiga, a nan Kawu yake kama shi da gawayi, daga baya ya bi da fenti a shago. Ya ce kare ba ya nuna ko wane ne shi sai yana neman wani. Wannan ya sa duk karnukansa wuri ɗaya suke kallo, can hannun dama, ɗan ƙasa kaɗan, wajen allon.

Mafarautan ba sa karɓar zanen su tafi da shi. A ina za su rataye? Ba matar da za ta yarda hoton kare ya kwana a ɗakinta. Sai dai in kare ya mutu, ko mugun dawa ya farke shi, mai shi ya riƙa biyowa ta shago ya tsaya a gaban allon yana kallo, ya sayi goro a maƙwabta ya wuce. Ta haka allunan suka taru a hannun Kawu. Da shago ya rufe ya kwaso su zuwa turakarsa, ya jera su a bangon da ke fuskantar ƙofa tun daga tsayin ƙugu har kusa da rufi, ya kuma ja gadonsa na ƙarfe zuwa kusurwar dama. Duk wanda ya kwanta a gadon nan, shi karnukan suke kallo.

Ciwon ƙoda ne ya kwantar da shi. An yi zaryar asibiti har aka gaji, ƙafafunsa suka kumbura, fatarsa ta yi duhu, daga ƙarshe likita ya ce a koma gida a ci gaba da addu'a. Mun san abin da wannan magana take nufi, shi ma ya sani. Aikina shi ne in ɗaga shi ya jingina, in ba shi kunu da cokali, in riƙe masa buta, in kore masa ƙuda. Yawancin wuni ba ma magana. Idonsa yana kan bango, nawa yana kan wayata ina duba sanarwar ɗaukar ma'aikata da ba ta ƙarewa da komai.

Babban ɗan Kawu taubashina ne, ya girme ni nesa, yana sayar da kayan lantarki a kasuwa. Mutum ne mai ibada da son mahaifinsa, kuma shi ke ɗauke da gidan tun da shago ya rufe. Wata rana da la'asar ya tare ni a zaure zan tafi.

"Bawana, zo nan," ya ce, irin kiran da ɗan namiji ke yi wa ɗan mace. "Kai da ka yi digiri a kan Hausa ai ka iya jera magana. Ka gaya ma Baba a hidda karnukan nan daga ɗakin."

"Yaya, ai kai ne babba a gidan."

"Ni da na buɗe baki sai ya ce na zo da wa'azi. Kai kau yana jin taka, tunda ku biyu ne marasa aikin yi a dangi."

Ya yi dariya, ni ma na yi. Sai dariyar ta ɗauke daga fuskarsa, ya jingina da bangon zauren.

"Wallahi abin nan ya hana ni sukuni. Mala'ikun rahama ba su shiga ɗakin da ke da kare, ba su shiga ɗakin da ke da hoto. Shi ya haɗa duka biyun a allo guda, ya jera har rufi. In ajali ya same shi a ɗakin nan, wa zai shigo mashi?"

Karatun da aka yi masa shi aka yi mini a Islamiyya, kuma ban taɓa shakkarsa ba. Washegari na tsara kalmomina tun a hanya, na zauna a bakin gadon na faɗa wa Kawu cikin ladabi, ina zagaye ina dawowa. Ya saurare ni har na kai aya.

"Ka gama, Malam na boko?"

"Na gama, Kawu."

"Hausarka ta yi kyau. Ko a rediyo sai haka." Ya ɗan numfasa. "Kana tsammanin ban sani ba? Tun kahin a yi auren uwarka na ji wanga karatu. An ce ranar ƙiyama za a jera mani su a ce in busa masu rai. Ina nan kwance ina tunanin haka. Wata rana tsoro ya kama ni. Wata rana kuma in ce, kai, da za a ara mani ikon na ɗan lokaci, da unguwar nan ba mai jin kiran salla saboda haushi."

Ya fara dariya, tari ya sarƙe shi, na ɗaga shi na ba shi ruwa. Da ya lafa ya yi istigfari sau da yawa a hankali, kuma na ga da gaske yake yi.

Na ce to ko a juya fuskokinsu bango, ko a adana su a ɗakin kaya, ba abin da zai same su.

"In an juya su, bayan katako zan kalla? Ni ba ajiya nike so ba, ɗan nan. Ajiya ta masu sauran kwana ce. Gani nike so."

Duk da haka na gwada neman musu wuri, ko don ranar da ba ya nan. Na tambayi mahaifiyata ko zan kawo su gidanmu. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba, ta ce, "Mu namu gidan mala'iku ba su da aiki a cikinsa ke nan?" Na ɗauki hotunansu da wayata ɗaya bayan ɗaya, a cikin hasken da ɗakin ya samu ta 'yar taga. Da na nuna wa Kawu ya matso da fuska, ya ture hannuna, ya ce na mayar masa da karnuka ƙudaje.

Mutum ɗaya ne cikin masu zuwa dubiya ba ya sunkuyar da kai idan ya shiga ɗakin: wani tsohon mafarauci daga bayan ganuwa, abokin Kawu tun suna samari. Yakan shigo da sandarsa, ya gaisa da Inna matar Kawu a tsakar gida, ya leƙo.

"Mai Fenti, har yanzu ba ka tahi ba? Na zo da kuɗin mota in raka ka."

"Sarkin Dawa marar dawa," in ji Kawu. "Kai da rabonka da daji tun da masu bindiga suka karɓe shi, mi ka sani na tahiya?"

Daga nan tsohon zai juya ga bango, ya tsaya a gaban wata baƙar karya mai farin ƙirji da ke layi na biyu, tasa ce, ta mutu tun ban shiga makaranta ba. Yakan gaishe ta kamar mutum. Su biyun sukan yi ta gardama a kan ko ita ce ta kama wata gada a wani rani, ko kuwa karen wani ne ya kama ta zo ta tsaya a kai. Ranar da ya zo, Kawu yakan sha kunu fiye da kullum.

Da taubashina ya ga maganata ba ta yi aiki ba, sai ya je wurin limamin unguwa, dattijo mai sanyin murya wanda suka yi makarantar allo tare da Kawu. Liman ya zo bayan azahar, ya zauna a kan buzu, aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi jiki da iyali da zafin gari. Sannan ya ɗaga kai ya dubi bangon, ya daɗe yana dubawa.

"Allah Ya ba ka hannu," ya ce. "Amma ka san abin da ya kawo ni."

"Na sani, Malam."

Liman ya ce ya ji wasu malamai suna cewa idan aka ja layi a wuyan hoto, an raba kai da gangar jiki ke nan, ya fita daga kamannin mai rai. Ya ce idan Kawu zai iya haka, yana fatan a sami sauƙi, allunan su zauna inda suke. Kawu ya rufe ido, sannan ya ce in duba ƙarƙashin gado akwai ƙaramin gwangwanin farin fenti da siririn burushi.

Da safe muka fara. Ina sauko da allo in ɗora masa a cinya in tallafe, shi kuma ya tsoma burushi ya ja farin layi daga maƙogwaro zuwa ƙeya. Hannun da ba ya iya riƙe cokali ba tare da kunu ya zube ba, da ya taɓa katako sai ya tsaya cak. Layukan suka fito sirara, a miƙe, kamar an ja su da zare. Da muka gama, na mayar da kowanne kan ƙusarsa.

Da tsohon mafaraucin ya zo ya tsaya a gaban karyarsa, sai ya ja da baya.

"La haula! Mai Fenti, wa ya yanka mani karya? A ina ka taɓa jin an yanka kare a garin Musulmi?"

"Ba yanka ba ne. Igiya ce na sa mata."

"Igiya? Wagga da ranta ma sai da dabara ka ɗaure ta."

Ba wanda ya yi dariya a cikinsu. Tsohon ya zauna, suka yi hirar tsadar hatsi, bai daɗe ba ya tashi.

Duk da haka gidan ya sami natsuwa na ɗan lokaci. Taubashina ya dawo da fara'arsa, yana shigowa da lemo da kankana, yana zama a ɗakin har ya yi wa mahaifinsa tausar ƙafa. Kawu ya saba da layukan, ko kuma ya koyi kallon abin da ke samansu. Na ɗauka an wuce wurin.

Sai ga Liman ya dawo wata ranar da hantsi, ba wanda ya kira shi. Bai zauna a kan buzu ba, a bakin ƙofa ya tsuguna, yana juya carbi a hannu. Ya ce tun ranar da ya fita daga ɗakin nan zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya koma ya bincika, ya kuma tambayi waɗanda suka fi shi. Layi ba ya raba kai da jiki, in ji shi, domin akwai tsuntsayen da Allah Ya halitta da irin wannan zobe a wuya, kuma suna tashi. Abin da ya inganta shi ne a shafe kan gaba ɗaya, har abin da ya rage ya zama kamar kututturen itace.

"Na so in yi shiru," ya ce, idonsa a ƙasa. "Amma na ji tsoron in bar ka a kan maganata, in ɗauki nauyinka a kan nawa. Ka yahe mani."

"Ka hita haƙƙina, Malam," in ji Kawu. "Allah shi saka da alheri."

Bai sake tayar da zancen ba, mu ma ba mu tayar ba. Taubashina ya koma tsayawa a bakin ƙofa yana gaisuwa daga nan. Sai wata rana da rana tsaka numfashin Kawu ya sarƙe, idanunsa suka juye, Inna ta fito tsakar gida tana salati, maƙwabta suka shigo. Na riƙe kansa ina karanta abin da ya zo bakina. Can numfashin ya dawo. Da mutane suka watse ya kama hannuna, tafinsa da sanyi, na ga tsoro a fuskarsa irin wanda ban taɓa gani a fuskar babba ba.

"Gobe ka hiddo gwangwanayen duka," ya ce. "Da kananzir."

Taubashina ya ce zai ɗauke masa wahalar, ya shafe su da kansa cikin sa'a guda. Kawu ya girgiza kai, ya ce hannun da ya yi shi zai shafe.

Na zaci farin fenti zai yaɓa a kan kowane kai a wuce wurin. Ban san shi ba ashe. Kowane allo sai ya sa na buɗe gwangwanaye, ya haɗa launi a murfin kwano, yana ɗigawa yana gwadawa a gefe, har ya dace da abin da ke bayan karen: busasshiyar ciyawa, ko jan bango, ko sararin sama na rani. Sannan ya fara daga kunne, ya gangaro goshi, ya bi hanci da baki, ido ne ƙarshe. Inda akwai reshen bishiya da kan karen ya tare, sai ya ƙarasa reshen. Inda akwai katanga, ya ci gaba da jera tubalinta. Idan ya gama, ba wanda zai ce an taɓa yin kai a wurin. Ban san ko ya yi haka ne don ya cika umarni sosai ba, ko kuwa don bai iya aikin banza ba ko da a kan wannan ne. Ban tambaye shi ba.

Aikin ya ɗauki safiya da yawa, domin ba ya iya wuce allo biyu ko uku kafin hannun ya faɗi. Warin fenti da kananzir ya cika ɗakin, yana tayar masa da tari, Inna tana faɗa daga waje cewa za mu ƙarasa shi kafin lokacinsa. Ni ne mai tallafe allo, ni ne mai wanke burushi. Nakan kafa idona a kan yatsunsa don kada in kalli abin da ke ɓacewa a ƙarƙashinsu. Ranar da muka zo kan baƙar karyar abokinsa, ya riƙe burushi a sama har fentin ya fara ɗiga a zanin gado.

"In ya zo ka ce ina barci," ya ce, sannan ya sauke hannu.

Da aka gama na mayar da allunan bango kamar yadda suke. Taubashina ya shigo ya duba, ya durƙusa a gaban gadon ya kifa goshinsa a hannun mahaifinsa yana kuka, yana cewa Allah Ya karɓa, Allah Ya sa kaffara ce. Kawu ya dafa kansa. Inna ta kawo kasko ta turara ɗakin, da yamma aka kira masu karatu suka zauna a ciki suka sauke abin da ya sawwaƙa, abin da ba a taɓa yi a ɗakin ba. Kowa ya fita da sauƙi a zuciyarsa, kuma ba zan ce sauƙin ƙarya ba ne.

Ni na rage tare da shi, muna fuskantar bangon. Jikkunan suna nan yadda ya zana su, ƙafafu a kafe, ƙirji a buɗe, jela a miƙe, kowane wuya ya ɗago ya karkata dama, ya ƙare a cikin ciyawa ko sama. Kawu ya kalle su har hasken taga ya ragu. Washegari da na iso na tarar ya juya fuskarsa ga bangon da ke jikin gado, abin da ba ya iyawa sai an taimaka masa.

"Hidda su," ya ce, bai juyo ba.

"Kawu, ai yanzu ba laifi. Malam ya ce..."

"Na ji abin da Malam ya ce. Hidda su, ɗan nan. Ba ni iya kallonsu."

Na sauke su ɗaya bayan ɗaya na kai bayan madafa, na jingina su a ƙarƙashin rumfar da ake tara itace. Inna tana kallona daga bakin murhu. Da na dawo ya ce in ɗaga katifa ta wajen ƙafa. Tsofaffin takardun nan ne na asibitin dabbobi, a naɗe cikin leda. Ya ce malamansa ba su yi masa laifin komai ba, in tafi da su, kada in bari a taɓa su. Na kai su Kambarawa a cikin riga, na sa su a ƙasan akwati tare da takardun shaidar karatuna, inda mahaifiyata ba ta dubawa. Suna nan tare har yau, ba wanda ya nemi ganin ko ɗaya daga ciki.

Bangon ya koma fili, sai ƙusoshi da tabon wuraren da allunan suka tare ƙura. Kawu ya daina tsokanata. Yana karɓar kunu idan na ba shi, yana amsa gaisuwa, yana yawan salati. Tsohon mafaraucin ya zo, na ce masa yana barci kamar yadda aka umarce ni. Ya dube ni, ya dubi ƙofar ɗakin, ya ce a gaishe shi, ya juya da sandarsa.

Wata rana bayan azahar, gari ya yi tsit saboda zafi, sai muka ji haushin kare a lungun bayan gida. Ba safai kare ke shigowa cikin unguwar ba, yara ba sa barinsa. Kawu ya buɗe ido.

"Ka ji?"

"Na ji, Kawu."

"Muryar babba ce. Tahi ka gano mani wane iri ne. Ka dubi kunnen da kyau."

Na fita da sauri ba takalmi, na ratsa tsakar gida da zaure, na zagaya lungun. Ba kowa sai wata akuya a inuwar katanga da kwata tana gudana. Na bi har bakin titi, na duba gabas na duba yamma, na tambayi mai facin da ke wurin, ya ce shi bai lura ba. Na tsaya ƙasa tana ƙona mini tafin ƙafa, ina tunanin abin da zan faɗa, sannan na koma.

Idonsa yana kan ƙofa lokacin da na shiga.

"Ya wuce kafin in kai, Kawu. Ban gan shi ba."

"To," ya ce, ya mayar da idonsa rufe.

Bai kai Juma'ar da ta biyo baya ba. Ya cika da hantsi, ɗakin cike da mutane, ɗansa yana laƙƙana masa kalmar shahada, kuma waɗanda ke kusa sun ce ya amsa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa abin da ya bayar ya isar masa.

Allunan sun yi damina a ƙarƙashin rumfar itace. Da na je gaishe da Inna bayan ta fita takaba, na leƙa bayan madafa, na tarar gara ta hau su daga ƙasa, na gaban ya kumbura ya rabu falle-falle. Inna ta ce in ina so in kwashe, in kuwa ba ni da wurin sa su, ita tana bukatar rumfar.